Masaukin da ke haɗa kai da wutsiya: yadda ake ƙera zobban sinadarai a ƙuntataccen wuri

Wanda ya tashi a gidan da ake ji da turare ya san jibda, ko da a bakin tsofaffi ne. Maiƙo ne da ake kwasowa daga jikin dabbar, wanda in ka shaƙe shi zallansa sai ka kawar da kai, amma in an sa ɗan kaɗan cikin haɗi sai ƙamshi ya zauna a tufa kwana da kwanaki. A shekarar 1926 wani masanin sinadarai a Suwizalan, Leopold Ruzicka, ya bayyana ginin abin da ke ba jibda ƙamshinta, kuma abin da ya gano ya saɓa wa karatun da aka daɗe a kai. Ashe zobe ne, na atam ɗin kabon 17 da suka riƙe juna suka zagayo suka haɗe, atam kuwa su ne 'yan mitsitsin ƙwayoyin da kowane abu ya ginu da su. Na almiski, wanda ake samu daga wata barewar tsaunukan Asiya, shi ma zobe ne mai kabon 15. Tun 1885 Adolf von Baeyer ya kafa ra'ayin cewa zobe in ya wuce atam biyar ko shida to a takure yake, babba kuwa da wuya ya tsaya. Inda ya kuskure shi ne ya ɗauka zobban a shimfiɗe suke kamar faifai, alhali suna lanƙwasa su murɗe har su sami sararawa. Wannan aiki na cikin abin da ya kai Ruzicka ga kyautar Nobel a 1939.

Sai dai sanin kamannin abu daban, ƙera shi daban. Da Ruzicka ya zo haɗa irin waɗannan zobba da hannunsa, abin da ya riƙa samu ɗan ƙyas ne cikin kayan da ya zuba. Shekara ɗari ke nan, kuma har yau rufe babban zobe yana cikin ayyukan da ke ba masu haɗa sinadarai ciwon kai. Da a ce maganar turare ce kaɗai da ba a damu sosai ba. Amma magunguna da yawa da muke sha molekul ɗinsu zobe ne, molekul kuwa shi ne gungun atam da suka ɗaure da juna suka zama abu guda. Eritromaisin yana da zobe mai atam 14, azitromaisin 15. Rifamfisin na tarin tibi babban zobe ne. Ibamektin, wanda ake rabawa da sunan Mectizan tun 1987 don cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, zobensa atam 16 ne. Wannan magani, tare da feshin kashe ƙudan da aka yi shekaru ana yi, shi ya kai Jamhuriyar Nijar ga zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar, a Janairun 2025.

Dalilin da zobe ke yin magani mai kyau ba ɓoyayye ba ne. Sarƙa mai sakakkun bakuna tana ta wutsil-wutsil, kafin ta dace da gurbin da ake so ta toshe a jikin ƙwayar cuta sai ta yi wahala. Zobe kuwa ya riga ya ɗauki siffa, yana zuwa sai ya zauna daram. Abin lura shi ne, duk waɗannan magunguna da na lissafa tushensu ƙwayoyin bakteriya ne na cikin ƙasa. Su ne ke rufe zoben a cikin tankunan masana'anta, ɗan'adam sai dai ya karɓa ya yi 'yan gyare-gyare.

Me ya sa abin ke gagarar mu? Ka ɗauka kana da igiyoyi dubbai, kowace da ƙugiya a kanta da zarge a wutsiyarta, ka zuba su a tukunyar da ke tafasa. Burinka kowace igiya ta lanƙwaso ta saƙala ƙugiyarta a zargenta. Amma ƙugiya ba ta da ido, duk zargen da ta fara taɓawa shi za ta kama. A cikin cunkoso kuwa, wutsiyar maƙwabciya ta fi taka kusa. Sai wannan ta kama waccan, waccan ta kama ta gaba, a wayi gari da doguwar sarƙa mai danƙo a gindin kwalba, wadda ake kira folima. Ba lalacewar kaya ba ce, ba kuma rashin iya aiki ba. Haɗin da ake so da wanda ba a so iri ɗaya ne tak, bambancin kawai wa ya haɗu da wa.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna girman matsalar. Kowace gaɓa tsakanin kabon da kabon tana iya juyawa, kuma tana da mazauni uku da ta fi son tsayawa. Sarƙa mai irin waɗannan gaɓoɓi 15 tana da siffofi 3 sau 3 har sau 15, wato sama da miliyan 14. Kaɗan ne daga cikinsu ke kawo kai kusa da wutsiya, kuma sarƙar ta fi sakewa idan ta miƙe. A shekarun 1970 wasu masana biyu a birnin Rum, Gabriello Illuminati da Luigi Mandolini, suka zauna suka auna saurin rufewar zobba ɗaya bayan ɗaya. Zobe mai atam biyar ya fi mai atam takwas saurin rufewa fiye da sau miliyan. Daga takwas zuwa sha ɗaya nan ne wuyar take, domin zoben bai kai girman da zai sake ba, atam ɗin wannan gefe suna gugar na wancan gefe a tsakiya. Daga sha biyu zuwa sama abin yana ɗan sassautawa, amma bai taɓa kusantar sauƙin biyar da shida ba.

Maganin farko da aka samo shi ne tsarmawa. Paul Ruggli ya kawo shi a 1912, Karl Ziegler ya gyara shi ya yi aiki da shi a 1933. Hikimar tana da kyau ƙwarai. Igiya ba ta buƙatar kowa kafin ta kama wutsiyarta, amma tana buƙatar wata kafin ta yi sarƙa. Idan ka ƙara ruwan narkarwa har yawan igiyoyi a kowace lita ya ragu sau goma, saurin yin zobe a litar nan zai ragu sau goma, saurin yin sarƙa kuwa sau ɗari, tunda ɓangarori biyu ne suka yi ƙaranci lokaci guda. Ka ci gaba da tsarmawa, za a kai inda kowace igiya take ita kaɗai a fili fetal, babu wutsiyar da za ta gani sai tata.

Kuɗin wannan kaɗaici shi ne abin dubawa. Masu wannan ilimi suna da nasu mudun, sunansa mol. A ce molekul ɗin da kake so mol ɗinsa guda giram 500 ne, kilo ɗaya ya zama mol biyu ke nan. Idan aikin ya buƙaci mol 0.001 a kowace lita, abin da ba baƙo ba ne a wannan fage, to sai ka tanadi lita 2,000 na ruwan narkarwa, durom goma cif, don kilo ɗaya rak. Ba kuma ruwan rijiya ba ne. Sinadarai ne da ake saye da tsada, a dafa su, a tace su, a san inda za a kai dattinsu. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ya sha wannan lokacin da yake haɗa wani maganin gwaji na ciwon hanta nau'in C mai suna BILN 2061, wanda ke da zobe mai atam 15. Da farko a mol 0.01 cikin lita suke rufe zoben. Sai da suka liƙa wani ɗan guntu a jikin naitirojin guda na sarƙar, wanda ya sauya yadda take lanƙwasa da inda haɗin ke farawa, sannan suka iya kaiwa 0.2. Ruwan da ake buƙata ya ragu sau ashirin.

Wannan ya nuna hanya ta biyu: maimakon ka kori maƙwabta, ka lanƙwasa igiyar tun kafin a fara. Tawagar Robert Woodward ta Jami'ar Harvard ta ga haka a haɗa eritromaisin, aikin da aka buga a 1981 bayan rasuwarsa, da sunayen mutum fiye da arba'in. Sun gwada sarƙar da siffofi iri-iri tana ƙin rufewa, sai da aka ɗaure wasu sassanta yadda dole ta karkato. Akwai kuma dabarar maƙerin farfaru, wanda ke naɗe azurfa a jikin sandar ƙarfe don zobe ya fito daidai yatsa. Daryle Busch ya nuna haka da nikel a farkon shekarun 1960, sannan a 1967 Charles Pedersen na kamfanin DuPont ya bayyana zobbansa masu kama da kambi, waɗanda ke haɗuwa ba tare da tsarmawa mai yawa ba, domin atam ɗin iskar oksijin da ke jikin sarƙar suna kewaye ƙwayar ƙarfe guda a tsakiya, bakunan biyu su tarar da juna. Dabara ce mai ƙarfi, amma tana da iyaka. Sai sarƙar tana da abin da zai kama ƙarfen. Sarƙa irin ta jibda, wadda kusan duk jikinta kabon ne da haidirojin, santsi gare ta, babu inda sanda za ta riƙe.

To idan ba za a iya riƙe ta daga ciki ba, sai a matse ta daga waje. Nan ne maganar masauki ta shigo. Donald Cram na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya raba Nobel ta 1987 da Pedersen da Jean-Marie Lehn, shi ya yaɗa kiran waɗannan abubuwa da mai masauki da baƙo. Mai masaukin babban molekul ne mai rami a ciki, wani kamar kofi, wani kamar ganga, wani kamar ƙwallo, faɗin ramin bai fi nanomita ɗaya ko biyu ba. Nanomita kuwa sai ka raba milimita gida miliyan. A 1991 Cram ya yi wani abu da ya girgiza masana. Akwai wani ƙaramin zobe mai kabon huɗu, saikulobutadayin, wanda ba ya zama ko kaɗan a yanayin ɗaki, da ya ga ɗan'uwansa sai su haɗe. Cram ya haife shi a cikin rufaffen masauki, shi kaɗai, sai ga shi zaune lafiya ana aunawa. Ba a canja halinsa ba. Bango ne kawai ya hana shi ganin kowa.

Ina ganin a nan asalin kyawun al'amarin yake. Tsarmawa tana samar da kaɗaici ne da nisa, masauki kuwa da bango. Akwai wani masauki da Jerry Atwood da Leonard MacGillivray suka bayyana a 1997, wanda molekul shida masu kama da kwano da molekul takwas na ruwa ke harhaɗa kansu su zama ƙwallo, sararin cikinsa kusan sau 1.4 ne na ɗan akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk nanomita ɗaya ne. Idan ka lissafa molekul guda a wannan ɗan sarari, kaurin ya haura mol ɗaya a lita, ya ninka na tsarmammen ruwan can sau dubu. Duk da haka baƙon shi kaɗai ne a ɗakinsa. Cunkoso da kaɗaici sun haɗu wuri guda, abin da kwalba ba za ta taɓa iya bayarwa ba.

Amma kaɗaici rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne naɗewa, kuma wanda ya fi bin wannan da naci shi ne Julius Rebek na cibiyar Scripps a Kalifoniya, daga baya tare da Yang Yu a Jami'ar Shanghai. Masaukinsu kamar zurfafan kofi ne, bakinsa a buɗe, bayansa an yi masa abin da zai narke cikin ruwa, cikinsa kuwa maiƙo yake so. Sai su kawo doguwar sarƙar kabon wadda bakunanta biyu ke son ruwa, tsakiyarta kuwa ba ta shiri da shi, kamar dai yadda man gyaɗa ke gudun ruwa. Me sarƙar za ta yi? Tsakiyar za ta nutse cikin kofin ta ɓuya, bakunan biyu su leƙo waje inda ruwa yake. Tunda bakin kofin ɗaya ne, dole su leƙo kafaɗa da kafaɗa. Kamar ka tusa tsakiyar igiyar guga cikin tulu ka bar bakunan a waje. Ba zato ake yi ba, ana ganin wannan da na'urar maganaɗisu 'yar'uwar wadda ake ɗaukar hoton jiki da ita a asibiti: atam ɗin da suka fi zurfi a ramin alamarsu tana gocewa fiye da ta sauran, kuma na tsakiyar sarƙar ne ke gocewa. A 2015 sun rufe zobe daga sarƙa mai asid a kai da naitirojin a wutsiya, a cikin ruwa. A 2016 suka ɗauki sarƙoƙi masu naitirojin a bakuna biyu, suka kawo wani guntu ya ɗinke bakunan kamar gada, zobban suka fito da yawa fiye da yadda ake samu babu kofin. Daga baya aka gwada har da sarƙoƙin da ba su da komai sai kabon da haidirojin, irin waɗanda sandar maƙeri ba ta iya kamawa.

Tambayar da ya kamata mai karatu ya yi ita ce: sarƙar da ta fi son miƙewa, wa ya biya ta ta naɗe? Babu abin da ke zuwa kyauta a wannan ilimi. Amsar ita ce daɗin da ta ji na kuɓuta daga ruwa da jingina da bangon kofin ya fi wahalar lanƙwasawar, sai ta biya da wancan. Wato miliyoyin siffofin nan an zaftare su tun kafin a fara haɗi. Girman ɗakin kuma yana da ƙa'ida. A 1998 Rebek da Sandro Mecozzi suka lura cewa baƙo ya fi zama daidai idan ya cika kusan kashi 55 cikin ɗari na sararin, kwatankwacin yadda molekul ke cika wuri a cikin ruwa-ruwan sinadarai. Ɗaki in ya yi yawa sarƙar za ta miƙe abinta, in ya yi kaɗan ba za ta shiga ba, ko ta shiga ta kasa motsin da haɗin ke buƙata.

Bruce Gibb na Jami'ar Tulane a New Orleans ya ƙara wani darasi a 2019. Nasa masaukin kofi biyu ne da ke kifuwa baki da baki a cikin ruwa, kamar ƙwarya da murfinta. Ya ƙera iri biyu, cikinsu ɗaya sak, sai dai bayan ɗaya caji negatif ne, na ɗayan fositif. Ya sa musu baƙo iri ɗaya, sarƙa mai farar wuta a kai, wadda sai ta ɗauki caji negatif kafin ta kai wa wutsiyarta hari. A masauki mai fositif zoben ya rufe da sauri nesa ba kusa ba. Baƙon bai taɓa cajin ba, yana bayan bango, amma yana jin sa. Masu nazarin enzayim, wato furotin ɗin da ke gudanar da haɗe-haɗe a jikin mai rai, sun daɗe suna muhawara kan rawar da irin wannan jan lantarki ke takawa, kuma a furotin da wuya a ware dalili guda a auna. A ƙwaryar Gibb an iya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mai tuyar masa ta san amfanin tanda ba a masar farko yake ba. Ramin ya ba ƙullu siffa, ta juya, ta cire, ta zuba wani. Ranar da masa ta kama tanda, ciniki ya tsaya. Haka masauki yake. Idan baƙo ya zama zobe ya ƙi fita, kowane zobe guda sai an tanadar masa masauki guda, masaukin kuwa sau da yawa ya fi baƙon nauyi da wuyar ƙerawa. Rebek da kansa ya ci karo da wannan a 1997, da wani masauki mai kama da ƙwallo wanda ya hanzarta haɗuwar molekul biyu su zama zobe mai atam shida kusan sau 200. Abin da aka haifa ya dace da ɗakin fiye da iyayensa, sai ya zauna ya toshe ƙofa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Duk wahalar wannan fage ita ce a sami masaukin da baƙonsa zai zama raɓa da gaske.

An sami mafita a wasu wurare, kuma kowace tana da wayo. Makoto Fujita na Jami'ar Tokyo yana gina masaukansa ne da ƙarfen faladiyam a kusurwoyi da allunan sinadari a tsakani, a zuba su a ruwa su harhaɗa kansu. A 2006 ya nuna abu biyu a aiki guda. A rufaffen keji, wani molekul shimfiɗaɗɗe mai suna antarasin ya haɗu da abokinsa ta gefe, ba ta tsakiya ba inda kowa ya san yana haɗuwa, saboda bango bai bar wata hanya ba. Sabon abu ne, amma ya maƙale a ciki. A masauki mai siffar kwano kuwa haɗin ya bi ta tsakiya, abin da aka samu ya fito a tanƙware, bai iya kwanciya a jikin allon ba, sai sabon baƙo shimfiɗaɗɗe ya ture shi. Da kwano kashi goma cikin ɗari na kayan aka gama aikin duka. Su kuwa Kenneth Raymond da Robert Bergman a Berkeley, nasu masaukin mai kusurwa huɗu ne na ƙarfen galiyam, ɗauke da caji negatif 12, don haka baƙo mai fositif yake so. A wani haɗi da suka yi, abin da aka haifa da ya taɓa ruwa sai ya rasa cajinsa, masaukin ya daina sha'awarsa. A 2010 suka ba da rahoton rufe zobe mai kabon biyar da sauri fiye da sau miliyan biyu, adadin da a da sai enzayim. Ko a nan sai da suka zuba wani sinadari a waje da ke cafke zoben ya mai da shi abin da ba ya son komawa ciki.

A nan nake so a yi hattara, domin adadi irin miliyan biyu yana ɗauke hankali. Waɗannan nasarori na juyawar tanda kusan duk a ƙananan zobba aka same su, masu atam biyar ko shida, waɗanda dama ba su ne ke gagara ba. Haka aikin Konrad Tiefenbacher, wanda yanzu yake Basel. Tun 2015 yake amfani da ƙwallon nan na Atwood wajen naɗe sinadaran ƙamshin tsirrai su zama zobba, har ya samar da sinadarin ƙamshin ganyen itacen turare daga miƙaƙƙiyar sarƙa mai kabon goma, daga baya ya kai ga masu kabon 15 masu zobba a sarƙe. Aiki ne mai ban sha'awa, yana kwaikwayon abin da tsirrai ke yi, kuma masaukin kaɗan ake sawa. Amma manyan zobba irin na magani, galibinsu har yanzu masauki guda baƙo guda ne, a 'yan miligiram, da sarƙoƙi marasa rassa da aka zaɓa don sun dace da ramin. Dalilin kuwa yana cikin dabarar kanta. Ka gina ɗaki don ya so naɗaɗɗiyar sarƙa, to zobe ai naɗaɗɗiyar sarƙa ce da aka ɗinke bakinta. Abin da ya sa masaukin ya iya aikin, shi ne ya sa ba ya son sallama. Duk wanda ya ce gobe za a daina durom-durom ɗin ruwan narkarwa a masana'antar magani saboda waɗannan kofuna, ya yi gaggawa. Wanda kuma ya ce wasan yara ne bai duba abin da aka koya ba: yadda ake naɗe sarƙa mai santsi, yadda caji ke aiki ta bayan bango, yadda ƙunci ke tilasta haɗin da kwalba ba ta bayarwa.

Wasu sun bi ta wata ƙofa. A Jami'ar Stuttgart ta Jamus, tawagar Michael Buchmeiser ta ɗauki silika, sinadarin yashi, wanda aka ƙera da dogayen ramuka masu faɗin 'yan nanomita, ta dasa mai ingiza haɗi na ƙarfen ruteniyam a can cikin ramukan kaɗai. A rahotonsu na 2019, rabon zobe a kan sarƙa ya ƙaru idan aka kwatanta da yin aikin a buɗaɗɗen ruwa, kuma ramin da ya fi ƙunci ya fi bayarwa. Garin silika ana tace shi a sake amfani da shi, wannan kuwa yare ne da masana'anta ke ji. Sai dai ramin ya fi sarƙar faɗi sosai, yana rage mata maƙwabta ne kawai, ba ya kama ta ya naɗe kamar kofin Rebek.

Bakteriyar da ke yin eritromaisin, wadda aka samo daga ƙasar Filifin aka fitar da maganinta a 1952, ta warware duka biyun tun tuni. Tana gina sarƙar ne gaɓa-gaɓa a kan wani ƙaton enzayim mai kama da layin masana'anta, kuma duk tsawon aikin sarƙar a ɗaure take da furotin, ba ta taɓa yawo balle ta gamu da 'yar'uwarta. A ƙarshen layin akwai sashen da ke rufe zoben. Shi ma yana karɓar sarƙar ne a ɗaure, kuma igiyar ɗaurin ita ce ainihin wurin da wutsiya za ta sara. Saran da ya rufe zobe shi ne ya tsinke ɗaurin, rufewa da sallama abu guda ne. Da aka ga hoton ginin wannan sashe a 2001, sai aka tarar ramin ba kofi ba ne. Ya ratsa furotin ɗin daga wannan gefe ya ɓulle wancan, yana da faɗi a tsakiya inda sarƙar ke naɗewa. Zaure ne mai ƙofa biyu, kuma masu binciken sun fahimci sarƙa ta nan take shiga, zobe ya fice ta can. Masaukan da hannun mutum ya ƙera zuwa yanzu, masu ƙuncin da ke naɗewa yawancinsu ƙofa ɗaya gare su ko babu, masu ƙofa biyu kuma sun yi faɗi. Abin da ake nema shi ne zaure mai faɗin nanomita ɗaya, wanda zai riƙe sarƙa mai santsi irin ta jibda har ta ciji wutsiyarta, sannan ya ga zoben da ya fito ya buɗe masa ƙofar baya.